Kwamfutar da Aka Lulluɓe da Zani a Riruwai

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano ranar Litinin, mu uku a motar ofis. Direba, da wata malamar gona da ta girme ni a shekaru da kuma aiki tana zaune a baya, sai ni a gaba, rungume da jakar da na buɗe na duba har sau uku kafin mu kai bakin gari. Ban yi karin kumallo ba.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, bari in yi ɗan bayani. Bayan na gama hidimar ƙasa, wata ƙungiyar manoma ta ɗauke ni aikin gwaji na wata shida. Aikina shi ne kula da kwamfutocin da ke ofisoshinta na karkara, inda ake rajistar manoma kafin rabon irin noman rani. Ina wata na biyu na tsaya gaban kwamiti na ba da shawarar a sauya tsarin kwamfutocin. A tsohon tsari, da linzami ake aiki, wannan da muke ce wa maus, ana bin jerin ƙananan rubutu daga wani maɓalli da ke kusurwar ƙasa. A sabon kuwa, allon ne da kansa ake taɓawa da yatsa kamar wayar hannu. Komai ya koma manyan akwatuna masu launi, jere kamar tayil ɗin bango, shi ya sa sakatarorinmu suka raɗa masa suna mai tayil. Hujjata ita ce mutanenmu sun riga sun saba da shafa waya, don haka wannan zai fi musu sauƙi. Kwamiti ya yarda. Ni na zagaya na girka su da hannuna.

Sai ga takarda daga ofishinmu na Riruwai, layi biyu kacal: sabon tsarin bai dace da mu ba, mun koma takarda da biro. Shugaba ya kira ni ya ce in je in ji ra'ayin ofisoshi huɗu na kudu, in kawo rahoto ranar Alhamis. Idan an ga a koma tsohon tsari, za a koma. Bai ce komai a kan aikina ba, amma saura mini wata guda a gwaji, kuma wannan sauyin shi ne abu ɗaya tak da za a iya nunawa a ce ni na yi. Na fahimci abin da bai faɗa ba.

Damina ta zo ƙarshe, gonaki duk shar. Dawa ta fitar da kai, masara kuwa an fara karya. Hanyar ba laifi, in ban da wuraren da ruwa ya zaizaye gefen kwalta, inda direbanmu ke rage gudu yana wa manyan motoci addu'ar shiriya. Mun tsaya a wata kwana mun sayi ƙosai da kunu. Malamar gona ta riƙe ƙosai ɗaya tana jujjuya shi, ta tambayi mai tuyar ko wannan ƙanin ƙosan bara ne. Mai tuyar ta ce wake ne ya yi tsada, in Hajiya ta kawo nata waken za a yi mata mai girman kai. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma ƙosai biyu na iya ci.

Hantsi bai gama fitowa ba muka isa Bagauda. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne kusa da inda masunta ke shanya raga, ƙarnin kifi na shigowa ta taga. Yawancin mambobinmu a nan zuriyar mutanen da aka taso ne lokacin da ruwan Tiga ya cinye garuruwansu, yanzu suna su suna noman rani. Sakatariyar ofishin, Malama Ladidi, ba ta bari na gama tambayar ba. Ta ce kada in kuskura in ɗauke mata mai tayil. A da, in ji ta, sai ta matse ido tana neman ƙaramin rubutun Turanci, ga kibiyar linzamin nan da ke ɓacewa kamar sauro. Yanzu kuwa koren akwati rajista ne, shuɗi na iri ne, ko daga bakin ƙofa tana hango su. Kukanta ɗaya: jiƙaƙƙen hannu. In masunci ya taso daga bakin ruwa ya miƙa yatsa, allon sai ya rikice ya buɗe abin da ba a ce masa ba. Ta rataye tsumma a ƙusa don haka, kuma kullum da yamma sai ta goge allon kamar mai wanke faranti.

Na rubuta duka a littafina, zuciyata ta ɗan sauka. Amma da muka fito, wani dattijo da ke gyaran ragarsa a inuwa ya yafito ni. Ashe yana jin duk abin da muke faɗi.

"Kai ne ka canza musu akwatin nan?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ne, Baba.

"Da aka kawo mu nan, an gina mana gidaje a layi. Sun fi namu na da kyau, ba na musu. Amma shekara guda na yi ina fitowa in juya dama zuwa masallaci, alhali masallacin yana hagu."

"Yanzu fa, Baba?"

"Yanzu ƙafata ta sani. Amma da sun tambaye mu, da mun gaya musu inda za su sa shi."

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Ban tabbata ko yabo ne ko gargaɗi ba, don haka na rubuta shi a tsakiyar shafi, ba a ɓangaren masu so ba, ba a na masu ƙi ba. Malama Ladidi ta sa an soya mana kifi, aka naɗe a takarda da yaji. Direba ya ce wannan kaɗai ya isa dalilin tafiyar.

Daga nan muka yanka zuwa Ba'awa a ƙasar Kiru. Hanyar ciki ce, jar ƙasa, ruwan sama ya yi mata rami-rami, muna tafe muna rausaya kamar masu zikiri. Sau biyu muka tsaya amalanke ta wuce da lodin masara. A can na san abin da ke jirana, domin sakataren, Malam Ilu, tsohon malamin firamare ne da ya koyi bugu tun zamanin tafireta, kuma bai taɓa ɓoye ra'ayinsa ba. Ko zama ban gama yi ba ya fara.

"Injiniya, sannu da zuwa. Ka zo ka ga ɗanka?"

Ni ba injiniya ba ne, ya kuma sani. Na ce Malam, na zo jin kuka ne.

Kukan nasa kuwa yana da tsari, kamar darasi. Ya ce shi da yatsu goma yake bugu, idonsa a kan takarda, bai taɓa buƙatar kallon hannunsa ba. Yanzu kowane minti sai ya ɗaga hannu daga madannai ya miƙa shi sama ya taɓa gilashi, kafin azahar kafaɗarsa ta riƙe kamar wanda ya yini yana shafa wa bango fenti. Ya ce waya a tafin hannu take, a kwance, shi ya sa shafa ta ba ya gajiyarwa, amma wannan a tsaye take a kan teburi, nesa da mutum, wanda ya ce su zama abu ɗaya bai taɓa yini yana rajista ba. Ya ce a da yana buɗe jerin sunaye a gefe, wasiƙa a gefe, yana kallon duka biyun. Yanzu kowane abu in ya buɗe sai ya cinye allon gaba ɗaya, kamar baƙon da ya shimfiɗa ƙafa a tabarmar mutane. A gaskiya wasu daga cikin waɗannan ni ma na ji su a jikina, na dai yi shiru ne a gaban kwamiti.

Sai na tambaye shi yadda yake kashe ta in ya tashi aiki. Ya dube ni, ya sunkuya ƙarƙashin teburi, ya nuna mini soket. Wata uku ke nan yana fizge waya. Ya ce ya nemi wurin kashewa har ya gaji, ya ɗauka masu ƙera ta sun manta ne. Da na nuna masa cewa sai an shafo daga can gefen allon, wurin da babu alama ko ɗaya, sannan maɓallin ya leƙo, sai ya matso ya duba da kyau. Ya ce, "To wane ne zai gina ɗaki ya ɓoye ƙofa?" Na ciro linzami daga jakata, domin na taho da guda huɗu saboda tsoro, na jona masa, na kuma nuna masa hanyar komawa shimfiɗar da ta yi kama da tsohuwa in zai yi dogon rubutu. Ya ɗora hannu a kan linzamin kamar wanda ya gamu da tsohon abokin makaranta. Bai ce ya yarda da mai tayil ba. Ya ce dai zai ƙyale shi ya zauna a gidan.

A Tudun Wada muka kwana. Garin shinkafa ne, injinan casa na ta ruri, buntu a ko'ina, har a gashin ido. Mun ci shinkafa da wake da mai da yaji a wata rumfa, kuma dole in faɗi gaskiya, kwanon da aka cika mana a nan ya fi na birni nauyi nesa ba kusa ba. Washegari da safe muka leƙa ofis. Matsalarsu ta ba ni dariya duk da halin da nake ciki. Sakataren ya ce a da manoma suna tsayawa nesa da kwamfuta, hannu a baya, kamar gaban alƙali. Yanzu da suka ga da yatsa ake yi, kowa ya zama gwani. Mutum uku sai su miƙo hannu lokaci guda, wannan na neman hotonsa, wancan na neman na maƙwabcinsa ya ga ko ya yi kyau. Dole ya gitta benci a tsakani. Na tambaye shi ko hakan ya sa yana son a koma tsohon. Ya ce a'a, shi dai kwarjininsa ne ya ragu, amma layi ya fi sauri. Malamar gona ta ce masa kwarjinin da benci ke dawowa da shi ba wani kwarjini ba ne.

Zuwa nan lissafina ya nuna biyu suna so, ɗaya ya haƙura. Amma na san duk wannan ba zai cece ni ba matuƙar akwai ofis guda da ya rufe kwamfuta gaba ɗaya, ba tare da na san dalili ba.

Muka kama hanyar Doguwa. Wanda bai taɓa ratsa dajin Falgore a ƙarshen damina ba, ya yi ƙoƙari ya je, da rana dai. Itatuwa sun haɗe, iska ta yi sanyi, ƙoramu na gudu ƙarƙashin gadoji. Ni kam rabin kyan ya wuce ni, domin ina ta duba agogo da layin waya da ke zuwa yana ɗaukewa. Bayan mun fita daji muka tsaya wurin wasu matan Fulani, muka sha fura da nono mai kauri, irin wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Daga nan ƙasa ta fara tashi. Duwatsu suka bayyana, hanya ta shiga lanƙwasa, gonakin masara da rake a kwaruruka. Riruwai tsohon garin haƙar kuza ne, har yanzu ana ganin tsofaffin ramuka da tulin ƙasa da ciyawa ta rufe, kuma a kasuwarsu za ka ji harsuna fiye da ɗaya, domin kakannin mutane da yawa aikin ma'adinai ne ya kawo su.

Bayan azahar muka shiga ofis. Abin da na fara gani shi ne kwamfutar, an lulluɓe ta da zani mai ruwan goro, an kuma ɗora mata faifai a ka. Sakataren, Malam Sani, mutum ne mai sanyin hali da bai wuce shekara arba'in ba. Ya tarbe mu hannu biyu-biyu, ya kawo ruwa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen gida, ya sake tambayar hanya. Da na kawo maganar kwamfuta sai ya dubi ƙasa. Na tambaya ko ta lalace, ya ce lafiyarta ƙalau. Ko sola ce ba ta ja, ya ce tana ja. Ko tsarin ne ya yi masa wuya, ya ce ko kusa, cikin kwana biyu ya iya. To mene ne? Ya ce dattawa ne ba sa zuwa. Me ya sa? Ya ce, "Wallahi, abin ne dai bai dace ba."

Na yi kusan rabin awa ina zagaye. Na duba wayoyi, na duba batir, na buɗe na rufe, komai daidai. Na fara hango kaina ranar Alhamis ina gaya wa kwamiti cewa ban san dalili ba. Sai malamar gona ta ajiye kofinta.

"Ƙanina, tashi daga kujerar nan. Koma can, inda manomi ke zama. Malam Sani, yi masa rajista kamar yadda kake yi wa kowa."

Na koma benci. Akwai sunana da hotona a ciki tun lokacin gwaji. A nan ya kamata in bayyana wani abu. A tsarin rajistar da na shirya, kowane manomi yana da akwatinsa, kuma hotonsa ne ya cika akwatin, don wanda bai iya karatu ba ya gane kansa. Na yi alfahari da wannan dabara ƙwarai. Ranar da na girka kwamfutar Riruwai kuma, wayar sola ta bangon hagu ta shigo, ga ta gajera, sai na ajiye allon a hagun teburi, na ɗan karkato shi yadda manomi zai riƙa gani. Ban sake tunanin abin ba.

Malam Sani ya ɗauki biro da hannun dama, domin da shi yake cike 'yar takardar shaida da ake ba manomi. Fuskata ta bayyana a allo, babba, ina murmushin nan na hoton katin aiki. Sai ya ɗaga hannun hagu, ya miƙe manuniya, ya dangwala mini a ido. Akwatin ya buɗe. Ya yi rubutunsa. Da ya gama, ya sa bayan yatsun hagun nan ya share fuskata gefe, kamar mai korar ƙuda daga bakin kwano, fuskar wani ta maye gurbin.

Na san hoto ne. Na yi shekara huɗu a jami'a ina koyon cewa ɗigo-ɗigon haske ne kawai. Amma wallahi sai da na ja da baya a kan bencin. A gidanmu ko kofin ruwa ka miƙa wa babba da hagu sai an dawo da kai, balle ka nuna shi da yatsa.

"Wa aka fara yi wa?" in ji malamar gona, a hankali.

Malam Sani ya ajiye biron. Sannan ya ce, "Baban su mai ɗakina."

Surukinsa ke nan. Ranar farko, don girmamawa, aka ce dattijon ya fara. Yana zaune a bencin nan, ofis cike da jama'a, mijin 'yarsa ya tsone masa ido da hannun hagu, ya kuma ture shi gefe. Malam Sani bai ma lura ba sai da ya ji ɗakin ya yi tsit. Tsohon ya karɓi takardarsa, ya sa takalmi, ya fita. Tun daga ranar babu wani mai furfura da ya sake taka ofishin, matasa ma suka fara ja da baya. Shi kuwa Malam Sani kunya ta hana shi zuwa gidan surukin, ta kuma hana shi rubuta wa hedikwata ainihin abin da ya faru. Ta yaya zai sa wannan a takardar ofis? Sai ya nemo zani.

Abin kunya ne in faɗa, amma abu na farko da na ji shi ne sauƙi. Domin wannan matsala ce da ke da magani, kuma maganin bai fi ƙarfina ba. Bayan sauƙin ne kunyar ta iso, da na tuna cewa ni na ajiye allon a hagu, ni na cika akwatin da fuskar mutum, kuma ni ɗan Hausa ne da aka yi wa tarbiyya, ba baƙo daga wata ƙasa ba. Waɗanda suka ƙera tsarin ba su san surukin Malam Sani ba. Ni ya kamata in san shi.

Direba ya kai ni kasuwa na sayo waya mai tsawo. Muka juya teburin, allon ya koma dama. Na rage hoton ya koma ƙarami a saman akwati, na bar fili a ƙasa mai ɗauke da suna da unguwa, inda yatsa zai sauka. Na cire sharewar nan, na sa maɓallin da ake latsawa in an gama. Na jona linzami na ajiye a gefe. Duka aikin bai kai awa biyu ba. Wata uku na ɓacin rai, awa biyu.

Saura mai wuyar. Bayan la'asar malamar gona ta ce mu je gidan tsohon, kuma ni zan yi magana, domin Malam Sani ba zai iya buɗe baki a gabansa ba. Muka same shi a zaure yana ɓarar masara a kan buzu. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa. Malam Sani ya tsaya can bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Na shirya jawabi a mota, amma da na buɗe baki sai ya watse. Na ce Baba, laifin ba na ɗanku ba ne, nawa ne, ni na ajiye abin a inda hannun dama ba ya kaiwa, ban yi tunani ba, a yi mini afuwa.

Ya ci gaba da ɓarar masararsa har sai da ya gama wadda ke hannunsa.

"Kai ɗan wane gari ne?"

Na gaya masa.

"Mahaifinka na da rai?"

Na ce yana nan, ranka ya daɗe.

"In aka sa hotonsa a ciki, kai za ka taɓa?"

Na ce a'a, Baba.

Ya gyaɗa kai. Ya dubi bakin ƙofa ba tare da ya ɗaga murya ba ya ce, "Kai kuma, wata uku ba ka zo ka gaishe ni ba saboda gilashi? Shigo ka zauna, kana tare mana haske." Malamar gona ta rufe baki da mayafi. Aka kawo mana dafaffiyar masara. A karon farko tun ranar Lahadi na ci abu har na nemi ƙari.

Bai yi alkawarin zuwa ba, don haka ban saki jiki ba. Amma washegari da hantsi, muna ɗaure kaya, sai ga shi da sandarsa, dattawa uku na biye. Ya zauna a benci, ya dubi sabon wurin allon, ya dubi ƙaramin hotonsa. Malam Sani ya ajiye biro, ya kai hannun dama zai taɓa wurin sunan. Tsohon ya ɗaga sanda kaɗan.

"Tsaya. Fuskar wa ce?"

"Taku ce, Baba."

"To ni zan taɓa abata."

Ya miƙe, ya goge babban yatsansa na dama a jikin riga, ya dangwala a kan hoton nasa da ƙarfi, kamar mai dangwala ƙuri'a. Akwatin ya buɗe. Ya koma ya zauna yana kallon abokansa. Na biyu ya tashi ya yi haka, na uku ma, sai dai shi sai da aka goge masa yatsa da ɗan ruwa saboda kaushi, aka bar shi ya bushe. Kafin mu tashi mota, magana ta zaga gari cewa a ofishin iri yanzu kowa shi ke buɗe kansa. Malam Sani ya ninke zanin nan ya ce zai mayar wa mai ɗakinsa, ta daɗe tana cigiya.

Hanyar dawowa ta yi mini gajarta. Wannan karon na ga Falgore sosai, har na hango birai a kan wani dutse. Mun sayi rake a bakin hanya, direba ya cika bayan mota da masara, malamar gona ta yi barcinta. Mun shigo Kano kafin magariba.

Ranar Alhamis na faɗa wa kwamiti komai, har da soket ɗin Malam Ilu da hannun hagun Riruwai, ban rage laifina ba. Na ce a iya fahimtata, kuma mai yiwuwa wani ya fi ni gani, wannan tsari yana da kyau ga mai zuwa ya taɓa sau ɗaya ya tafi, yana kuma wahalar da mai yini a kan teburi yana bugu. Don haka kada a raba kowa da linzaminsa, kada kuma a ɓoye wa mutum ƙofar fita. Sun yarda a bar shi da waɗannan gyare-gyaren. Game da ni, shugaba ya ce in shirya zagaya ofisoshin arewa a wata mai zuwa da wanda ke bin sa. Na lissafa a zuciyata, na ga watannin sun wuce ƙarshen gwajina. Ban tambaya ba, kada in ɓata.

Ban dawo da tabbacin cewa mai tayil ya fi tsohon tsari ba. Malam Ilu yana da gaskiya, Malama Ladidi ma tana da ita, kuma ina zaton za su mutu ba su daidaita ba. Abin da na dawo da shi ƙarami ne. Na girka kwamfutoci a ofisoshi da dama, kuma a kowanne kujerar sakatare na zauna, domin a nan madannai suke. Ban taɓa zama a benci ba sai da wata baiwar Allah ta tashe ni. Yanzu na rubuta a bangon farko na littafina, a saman jerin kayan aiki, kafin waya da sukundireba: in an gama haɗawa, a koma benci a zauna, a kalli abin da hannun zai yi.